Kaset ɗin da Aka Yi wa Aski

Har yau idan wani ya ce mini rediyona ya lalace sai in ji jinina ya hau, ko da kuwa rediyon ya lalace ɗin da gaske. Mutanen Gaya ne suka sa mini wannan ciwon, kuma zan faɗi yadda aka yi tun daga farko.

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, aikina kawo motoci ne. Tsofaffin motocin Turai da jirgin ruwa ke saukewa a Kwatano, mu ne muke tuƙo su ayari-ayari, mu bi ta Faraku da Kandi, mu iso Malanbil, mu haye gada mu shigo Gaya. Daga nan masu saye daga Najeriya su zo su kwashe. Ba aikin daɗi ba ne. Motar da ka hau yau ba ka san halinta ba, wata birkinta sai ka roƙe shi, wata kuma tana warin karen Baturen da ya shekara goma yana kwana a kujerar baya. Amma muna da al'ada ɗaya da take ɗan sanyaya mana rai: duk abin da ka tsinta a cikin motar da aka ba ka, naka ne. Na tsinci lema, na tsinci tabarau, na tsinci takalmin jariri ƙafa ɗaya, na tsinci taswirar wani gari da ba zan taɓa zuwa ba. A wata ƙaramar mota shuɗiya, wadda ɓarayin bakin teku suka manta ba su cire mata rediyo ba, na tsinci kaset.

Baƙi ne, ba kwali, ba suna, ba hoto. Wani ne ya ɗauka da kansa a gida, gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen babu komai sai iska. Ban sa shi ba sai da muka wuce Faraku, inda tashoshin rediyo suke fara ɓacewa, hanya kuma ta miƙe ba abin kallo sai itatuwa.

Abin da ya fito daga lasifika ya sa na kusa barin hanya. Ƙara ce mai kauri, kamar an kunna injin niƙa a cikin motar, kuma jitar da ke ciki tana lanƙwashewa tana miƙewa irin yadda kaset yake yi idan rana ta dafa shi. Na ce to, shi ke nan, tsintuwar banza. Na ciro shi, na zura alƙalamin bik na juya, na hure shi, na ɗan buga shi a cinya, na mayar. Bai canja ba. Na bar shi yana yi don kawai shiru ya fi shi muni, kuma barci nake ji.

Ban san daidai inda abin ya juya ba. Na dai san kafin mu shiga Kandi na juya kaset ɗin baya sau uku. Akwai wata mace da take waƙa a can ƙarƙashin ƙarar, a hankali, ba ta damu a ji ta ko kada a ji ta ba, kuma ko kalma ɗaya ba ka iya tsinta. Akwai ganga da take riƙe da komai. Ƙarar kuma da na ɗauka ɓarna ce, ashe tana tashi tana sauka, tana buɗewa tana rufewa, tana da nata tsari. Muna yara mukan nitse a kogi mu daɗe a ƙasa, idan kwalekwale mai inji ya wuce ta sama sai ka ji rurinsa a ƙirjinka kafin ka ji a kunne. Haka na ji. Na ji kewar wani abu da ban taɓa mallaka ba, na ji daɗi, na kuma ji tsoro kaɗan, ni da nake da mata da 'ya'ya biyu ina share hawaye da hannun riga a kan hanyar Kandi.

Sai bayan shekaru da yawa 'yata ta nuna mini a wayarta cewa irin wannan kiɗan yana da suna, wai shoegaze, saboda masu kaɗa shi ba sa ɗaga kai, ƙafafunsu suke kallo inda suke taka na'urorin da ke murɗa sautin jita. A lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ban san ƙasar da ya fito ba, ban san ko akwai wani mai irinsa a duniya ba. Abin da na sani shi ne na tsinci wani abu mai kyau, kuma ƙirjina ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba.

Wanda ya fara ji bayan ni soja ne. A shingen bakin gada, ta ɓangarenmu, na manta ban rage murya ba. Ya leƙo da kai ta taga, ya tsaya, fuskarsa ta canja.

"Wace tasha ce wannan?"

"Ba tasha ba ce, ranka ya daɗe. Kaset ne."

"Kaset ɗin mi? Saƙo ne?"

A zamanin nan ana yawan zargin mutane da sauraren tashoshin waje, kuma duk abin da soja bai gane ba to maƙarƙashiya ce. Ya karɓi kaset ɗin ya shiga rumfarsu. Na tsaya a rana ina jin ƙarar tana fitowa daga ƙaramin manyetonsu na jin kaset, ina fargaba, ba don kaina ba, don kada su riƙe shi. Can ya fito yana dariya, ya jefo mini shi ta taga.

"Tahi ka kai a gyara maka, ya lalace."

Na yi godiya, don ba a yi wa bindiga gardama. Na ce a raina soja ne, me ya sani ban da kiɗan fareti. A gari ne zan sami masu kunne.

Fadarmu, wato majalisar hirarmu, tana ƙarƙashin wani itacen dogon yaro kusa da tashar mota, inda muke shan shayi idan ba mu kan hanya. Na sayi pil, wato batir, sababbi guda shida, na aro manyeto mai lasifika biyu, na jira aka zuba shayin farko, sannan na ce musu su yi shiru su ji wani abu. Na yi musu bayani tun kafin in danna. Na ce kada su yi sauri, su bar kunnensu ya saba, su nemi muryar macen. Ban kai minti ɗaya ba wani ya ce pil ɗin jabu ne. Wani ya ce a'a, bel ɗin manyeton ne ya saki. Wani ya tashi ya buga wa manyeton mari a gefe, wai haka ake yi wa nasa. Na ce ku bari, haka yake, haka aka yi shi. Suka dube ni. Sai dariya ta ɓarke, har mai dafa shayin ya zubar da kumfa a ƙasa.

"Haka anka yi shi? Wa ya yi shi, mai injin niƙa?"

Daga ranar sunana ya zama mai injin niƙa. Idan na doso fada sai wani ya fara ruri da baki, sauran su amsa. Na kai wa wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, da nake ganin ya waye, ya saurara da ladabi na minti biyu, ya ce Turawa sun gaji da jin daɗi ne shi ya sa suke neman wahala. Na kai wa mai sayar da kaset a kasuwa, ya ce ko kyauta ba zai ajiye shi a teburinsa ba. Na sa a gida, matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, in ka gama niƙan a miƙo mini garin, tuwo nike so in ɗora."

Ita na yafe mata, don ta ba ni dariya. Sauran kuwa har yanzu ina jin haushinsu, kuma ina da dalili. Mutanen nan su ne suke kwana suna bin waƙoƙin Indiya da baki, ba su san ko zaginsu ake yi ba. Su ne suke rawa da kiɗan Kongo ba su jin ko "zo" da yaren. Su ne idan mai molo ya zo ba ƙarfen nan mai zuga a kan molonsa sai su ce kiɗan ba gishiri. Goge fa? Wa ya taɓa jin goge mai tsabtar murya? A gidan biki ana ƙure lasifika har sai ta fashe tana kuka, kowa yana murna, ba wanda ya ce a kai gyara. Duk wannan ƙara ce, amma ƙarar da suka gada ce, don haka ita kiɗa ce. Tawa kuwa da ta zo daga nesa ba ta da dangi a gari, sai ta zama hauka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin da abin ya faru. Rediyon gwamnati yana buga kiɗan fareti da sanarwa tun safe har yamma, abu ɗaya ana maimaitawa, ba wanda ya isa ya ce kunnensa ya gaji. A fada idan hira ta karkata wajen mulki sai kowa ya dubi kofinsa. Mutanen da ba su da bakin cewa komai a kan komai, sai ga shi a kan kaset ɗina kowa ya zama alƙali, kowa yana da ra'ayi, kowa yana faɗa da ƙarfi. Na zama wurin da gari yake sauke abin da ya kasa faɗa.

A hankali na fara shakkar kaina. Idan mutum ashirin suka ce maka babu komai a wuri, kai kaɗai kake gani, dole wata rana ka tambayi idonka. Nakan sa kaset ɗin ni kaɗai a mota in ce bari in ji ko da gaske ɓarna ce na ƙaunata. Sai macen nan ta fara, sai tsigar jikina ta tashi kamar ranar farko. Mutum ɗaya nake nema, ɗaya tak, da zai saurara har ƙarshe ya ce mini, "Na ji abin da ka ji." Kuma ga wani tsoron: kaset ɗin ɗaya ne, ina ta juya shi, rediyon mota kuwa ba ya jin kunyar cinye kaset.

Duka biyun suka kai ni wuri ɗaya. A bayan kasuwa akwai wani mai gyaran rediyo, Badande ne ba Bahaushe ba, mutumin ƙauyen Bengu, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Maƙwabcinmu ne tun ina yaro, shi ya koya mini hawa keke, shi ya raka ni neman aure, Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Ba a Gaya kaɗai ba, har daga Yelu da ƙetaren kogi ana kawo masa aiki. Kunnensa abin tsoro ne. Yana zaune a shagonsa manyeto zai wuce a kan keke, ya ce wa mai shi ya dawo, bel ɗinsa saura kwana uku. Idan kaset ya tsinke ko rediyo ya tauna shi, yakan buɗe shi, ya yanke wurin da ya lalace da reza, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ka saurara ba za ka gane inda aka yi aikin ba. Yana da manyeto mai ɗaki biyu na kwafe kaset. Yana kuma da doka wadda duk gari ya sani: ba ya kwafe kaset mai ɓarna sai ya gyara shi tukuna, don kada aikin banza ya fita da sunan shagonsa.

Na san dokar nan sarai. Shi ya sa da na miƙa masa kaset ɗin na yi magana dalla-dalla.

"Yaya, kwafi biyu nike so. Kuma don Allah ka saurare shi, kai ne nike so ka ji. Za ka ji ƙara, kada ka ce ya lalace. Haka shike."

Ya juya shi a hannu, ya ɗaga shi wajen haske. "To, ƙanena."

"Yaya, da gaske nike. Ba abin da ya same shi."

"Na ji. Tahi abinka."

Ya gyaɗa kai irin yadda ake gyaɗa wa mai zazzaɓi. Ban lura ba a lokacin. Daga baya ne na tuna cewa duk wanda ya kawo masa kaset haka yake cewa, ba abin da ya same shi, ko da kuwa akuya ce ta tauna shi.

Washegari na tafi Kwatano. Tafiyar da ya kamata ta ɗauki kwana biyar ta ɗauki tara, don takardun motocin sun makale, sannan da muka iso Malanbil muka tarar an rufe gada. Ba wanda ya ce mana don me, ba kuma wanda ya tambaya. Kwana biyu muna zaune a inuwar manyan motoci muna hangen Gaya a ƙetare. Duk tsawon lokacin nan abu ɗaya nake saƙawa, abin da Yaya zai ce. Wani lokaci in ji shi yana cewa na yi gaskiya, wani lokaci in ji shi yana dariya kamar sauran. Na ce a raina idan shi ma ya ce ɓarna ce, to na yarda, ni ne ba ni da lafiya.

Da aka buɗe gada da hantsi, ko gida ban je ba. Na ajiye mota na wuce shagonsa da ƙurar hanya a jikina. Na tarar da mutum uku daga fadarmu a zaune a bencinsa, sun zo karɓar rediyon ɗayansu. Da suka gan ni wani ya fara rurin nan da baki. Yaya yana tsugune gaban ɗan murhun gawayinsa yana dafa shayi.

"Ƙanena, ka sauka lahiya? Zamna. Zamna ka ji wani abu."

Na zauna. Ya goge hannu, ya ɗauko baƙin kaset ɗina daga aljihun tebur, ya sa a manyeto, ya danna.

Jitar farko ta shigo, siririya, ita kaɗai, kamar yadda na san ta. Na kasa kunne ina jiran wurin da ƙarar take faɗowa. Ba ta faɗo ba. Sai na ji ɗan ƙas, muka tsinci kanmu a wani wuri daban, macen tana jan numfashi za ta fara. Ƙas. Wutsiyar wata waƙa tana mutuwa. Ƙas. Ganga ita kaɗai tana ƙirga huɗu. Ƙas. Haka aka yi ta tsalle daga shiru zuwa shiru, ba a kai minti goma ba kaset ɗin ya ƙare, maɓalli ya ɗago da kansa.

"Yawwa!" in ji ɗaya daga cikin 'yan fada. "Yanzu ne ya zama kiɗa. Ashe akwai ɗan abu a ciki."

"Hannun Yaya ba wasa ba," in ji wani. "An yi wa injin niƙa aski."

Ban dube su ba. Idona ya faɗa kan wani faranti a gefen tebur, irin farantin silba na kawo shayi. An jera ƙananan ƙwayoyin tsofaffin kaset a kai, fiye da goma sha biyar, kowace an naɗe ta da baƙin zare mai sheƙi.

"Yaya, mi ne ne wancan?"

"Ƙarar ce."

"Kwafin fa?"

"Ban yi ba tukuna. Ka san ba ni kwafe..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Duk abin da na haɗiye a watannin nan, na sojan gada, na fada, na malamin lakwal, na kwana biyun da na yi ina hangen garinmu kamar baƙo, duk ya taso ya sami mutum ɗaya a gabansa. Na ce masa kurma. Mutumin da duk arzikinsa kunnensa ne, na ce masa kurma a gaban mutane. Na ce mahauci ne shi, ba mai gyara ba. Na ce na faɗa masa sau biyu da Hausa mai kyau, ko Hausar ce ba ta isa Bengu ba. Wannan maganar har yau idan na tuna ta sai in runtse ido. Na ce shi da sojan bakin gada ba su da bambanci, duk abin da ba su gane ba sai su sa masa reza.

Yaya ya ɗaga hannu ɗaya.

"Tsaya, ƙanena. Ban gama ba."

"Ka gama! Mi ya rage ba ka gama ba?"

"Ka tsaya ka ji."

Na gaji da a ce mini in tsaya. Na ɗauki farantin. Na ce tunda shara ce a wurinsu, bari in kai musu ita inda ake kai shara, kowa ya huta. Na kife shi a kan murhun.

Zaren kaset ba ya jira. Kafin butar shayin ta gama gangarawa ƙasa ya riga ya murɗe, ya yi baƙin ƙulli, ya kama da wuta mai wari. Yaya ya kai hannu cikin gawayin ya fizgo ƙwaya biyu, ya yar da su don sun manne masa a yatsu. Hayaƙi ya cika shagon. Ɗaya daga cikin 'yan fada yana ta salati, wani ya watsa ruwa, abin ya yi cuu ya mutu.

Yaya ya daɗe a tsugune yana kallon murhun. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya sa yatsunsa a cikin kofin ruwa, sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗago ba.

"Na yi laihi, ban musa ba. Ka hwaɗa mini, ban yarda ba. Kwana biyu ina yanka. Da na gama na sa in ji aikina, sai na ji babu kowa a ciki." Ya juya yatsunsa a cikin ruwan. "Sai na koma ina tuna wuraren da na cire. Ɓarna ba ta bin ganga, ƙanena. Ba ta san inda waƙa ta hwara ba. Wagga kuwa duk inda ta shigo, a kan bugu take shigowa. Shekara talatin ina wanga aiki, ya kamata in gane tun ranar hwarko."

Ya ɗauko ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ya fizgo. Robar ta narke gefe guda, amma ana iya ganin lamba a jiki, an rubuta da bik: bakwai.

"Kowace na sa mata lamba. Kowane wuri da na yanka na ɗiga masa alama. Jan farce yana cin ɗan baki, ban so in ƙara cin ko ƙanƙane, shi ya sa na aika Malanbil a sawo mini salatif na kaset, na gaske. Sai anka rufe gada." Ya jawo aljihun tebur, ya ciro wani ɗan siririn naɗi fari, ko buɗe ledarsa ba a yi ba, ya ajiye a kan tebur. "Ɗazun nan ya iso. Wata ƙila a ayarinku ya shigo."

Na dubi naɗin, shi kuma ya ci gaba.

"Na so ka hwara jin yadda na ɓata shi, in roƙe ka gahwara, sannan mu zamna mu maida shi tare. Yini ɗaya ne."

Daga nan sai ya yi abin da ya ƙarasa ni. Ya rufe baki ya fara rera wani abu a maƙogwaro, a hankali, yana kallon gawayin da ya jiƙe. Waƙa ta uku ce, wurin da macen take hawa sama a tsakiyar ƙarar, wurin da ya sa ni hawaye a hanyar Kandi. Wurin yana cikin abin da ya yanke, yana cikin abin da na ƙona. Bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ya kai ƙarshe ya tsaya.

"Wanga wurin," ya ce, "kwana huɗu ke nan ya hana ni sakat. Ka yi gaskiya, ƙanena. Kiɗa ne."

'Yan fada suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ko rediyon da suka zo karɓa ba su ɗauka ba. Yaya ya ciro kaset ɗin daga manyeto, ɗan abin da ya rage na minti goma, ya miƙo mini da hannun da bai ƙone ba. Na sa hannu zan karɓa, sai na ga ashe farantin yana hannuna har yanzu.